Haƙorin da Doki Ya Saya Min

Litinin, 7 ga Oktoba 2024
Yau an yi abu a gidan nan! Jikana Zaharadden, wanda nake kira maigidana, ya shigo fuska a murtuke, ko shayi bai taɓa ba. Da na matsa sai ya amayar: kuɗin sabunta iƙamarsa, takardar izinin zaman ƙasar nan, riyal dubu uku, doki ya cinye. Wai Abdelkader, ɗan Nijar ɗin nan mai wankin mota a unguwar Mahjar, ke karɓar kuɗin mutane yana sa musu cacar sukuwar Faransa ta waya. Na ce, "Maigida, dokin da ko kashinsa ba ka taɓa gani ba?" Ya ce, "Tsohuwa, halas, ya isa haka mana!" Dariya nake, amma iƙamar saura kwana ashirin. In ta mutu aka kama shi, jirgi za a sa shi zuwa Kanon da bai taɓa takawa ba.

Talata, 8 ga Oktoba
Abin da ban gaya masa ba: ni ma na taɓa sawa, bara. Sau ɗaya. To, sau uku. Lambobin jikin buhun shinkafa na ba Abdelkader, suka ci. Haƙorin gwal ɗin nan da nake washe wa mutane, ai doki ne ya saya min. Astagfirullah.

Alhamis, 10 ga Oktoba
Mun je wajen lauya a unguwar Ruwais, Saleh sunansa. Na sha ado kamar uwar biki. Ya ce kuɗin caca ba halalin wanda ya karɓa ba ne, mai shi ake mayar wa. Na rangaɗa guɗa a ofis! Ya ɗaga hannu: "Ya Hajja, a hankali. In jikanki ya kai ƙara, da hannunsa zai rubuta cewa ya yi caca. Shi za a fara riƙewa." Maigidana ya yi tsuru-tsuru kamar kazar da ruwa ya daka.

Asabar, 12 ga Oktoba
Na samo dabara! Ba kotu ba, Malam Badaru, dattijon da ke sasanta Hausawan unguwar Hindawiyya. Ai Abdelkader ya fi mu tsoron hukuma. Yalla, mu je!

Talata, 15 ga Oktoba
An zauna bayan la'asar. Ni na ba da labarin, har da kwaikwayon gudun doki, Malam na ɓoye dariya cikin gemu. Ya yanke: Abdelkader ya mayar da abin da ya karɓa. Na kusa tashi rawa. Sai Abdelkader ya ce, "Dakor, na yarda, Malam. Amma ɗari takwas ba ni da su, na biya waɗanda suka ci. Su fa, ba za su mayar ba?" Malam ya ce, "Ƙwarai kuwa. Hukuncin ɗaya ne." Ɗan banzan bai faɗi sunana ba. Bakina kawai ya kalla. Na ja mayafi na rufe.

Laraba, 16 ga Oktoba
Yini guda ban buɗe baki ba. Zaharadden har yana tambaya ko ba ni da lafiya.

Asabar, 19 ga Oktoba
Na je an cire haƙorin. Mai gwal ya auna, na cika ɗari takwas ɗin da kuɗin yajin da na sayar, na kai wa Malam Badaru. Na ce ya haɗa da na Abdelkader, kada ya ambace ni.

Alhamis, 24 ga Oktoba
Iƙama ta fito! Ya shigo yana kaɗa ta kamar tuta, na manta na washe baki. Ya tsaya cak. "Matata, ina haƙorinki?" Na ce dama riƙe min nama yake. Ya daɗe yana kallona, sannan ya durƙusa ya sumbaci kaina. Na ce ya tashi, warin gumi yake.

An kawo sabon buhun shinkafa, lamba bakwai da lamba uku ne a jikinsa, manya-manya. Na juya shi ya kalli bango. Don kawai ya fi zama daidai a haka.