Jaririn Mararrabar Orlitsa

Lovech, 3 ga Oktoba, 2016

Zuwa ga Goggo Stoyna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙafar taki? Baba ya ce kin daina shan maganin. Don Allah ki koma.

Sati biyar ke nan da na fara aiki a ma'ajiyar tsofaffin takardu ta lardi. Wannan wasiƙar sau huɗu ina rubutawa ina yagawa. In ta ɓata miki rai ki jefa ta a murhu, ba zan sake tayar da maganar ba.

An ba ni akwatunan shekarar 1973 in jera, a ciki na ci karo da fayil ɗin ɗanki. Abin da ke rubuce shi ne abin da kowa ya sani a gidanmu: ranar 11 ga Satumba, wajen ƙarfe shida na safe, an ɗauke shi daga gadonsa a tsakar gida, yana da kwana tara, ba a raɗa masa suna ba. Mijinki, marigayi Kawu Dobri, shi ya kai ƙara. 'Yan sanda sun yi kwana goma sha shida suna bincika rijiyoyi da bakin rafi, sun yi wa mutum arba'in da ɗaya tambayoyi. An rufe fayil a 1975 ba a gano komai ba.

Sai dai akwai wani littafi, na gidan marayu a lardin maƙwabta, wanda ya zo mana lokacin da aka haɗe lardunan. A wannan ranar, ƙarfe tara da minti arba'in, an rubuta cewa wani direban motar kankana ya kawo jariri namiji, ya ce a mararrabar Orlitsa ya tsince shi cikin kwando, tare da tafarnuwa da jan zare a hannu. Mayafinsa na ulu ne fari mai jan layi biyu. Haka Kawu ya kwatanta mayafin ɗanki.

Na auna a taswira. Daga gidanki zuwa mararrabar kilomita biyu ne da ɗigo uku, kuma ta wuce iyakar lardinmu da mita ɗari huɗu. Ban ce shi ne ba. Amma na kasa gane ɓarawon da zai tsaya ɗaura wa jariri zaren kariya. Goggo, da gaske a tsakar gida yake?

Ki yafe mini in na wuce gona da iri.

'Yarki,
Nevena

*

Orlitsa, 9 ga Oktoba

Ke Nevena, sarkin tsoro,

Na gaishe ki. Ƙafa tana nan inda Allah ya dasa ta, ubanki ya ji da hawan jininsa. Tun kina ƙarama kike ƙirga matakala kafin ki hau, na san wata rana ƙirgarki za ta iso kaina.

Ba a tsakar gida yake ba. Ni na kai shi mararraba da hannuna.

Kin san 'ya'ya uku na binne kafin shi, ba wanda ya kai wata biyu. Surukata Tsona ta ce mutuwa ta haddace ƙofarmu. Maganin da mutanen da suke yi shi ne a kai jaririn kan hanya da sassafe a ajiye. Wanda ya fara wucewa ya ɗauka, ya ɗaga murya ya ce, "Ɗan wane ne wannan?" Sai ya raɗa masa suna ya miƙo wa uwar. Daga nan yaro ya zama tsintacce, ba ɗan gidan ba ne, mutuwa in ta zo nema sai ta wuce. Ba mu bar abin ga sa'a ba, mun shirya da Marin makiyayi shi zai wuce.

Muka shiga cikin masara, taku ashirin daga kwandon. Tsona ta juya ni na ba hanya baya. Ta ce, "Ko me kika ji kada ki waiga sai an kira. Kika waiga, mutuwa ta gane ki." Ita ma ta juya. Na ji mota ta tsaya. Na ji an buɗe ƙofa. Ina jiran a yi tambayar. Na ji an rufe ƙofa, mota ta tashi. Har ƙararta ta ɓace ban waiga ba, Nevena. Ko launinta ban gani ba.

Can sai ga Marin cikin farar riga yana haki. Ya ce, "Ina yaron? Aski na tsaya, ai ba na zama uban wani da gemu kamar na bunsuru ba."

Dobri shi ne shugaban ma'aikata a gonar gwamnati, da katin jam'iyyar gurguzu a aljihu. Ya ce in aka ji, shi za a kore shi don camfi, ni a ɗaure ni don yar da jariri. Ya ce, "A tsakar gida aka ɗauke shi. Kun ji ni?" Muka ji. Ina tsaye ina kallon 'yan sanda suna zura ƙugiya a rijiyar da na san ba komai ciki. Su ukun duk sun mutu, ni kaɗai na rage da maganar.

Ki bi littafin nan naki. Amma kada ki kawo mini "wataƙila". In kin tabbata, ko wane iri ne, ki faɗa.

Ki riƙa cin abinci, a hoton bikin gama makarantarki kamar sanda.

Goggonki

*

Lovech, 28 ga Nuwamba, 2016

Zuwa ga Goggo Stoyna,

Ina gaishe ki. Ki zauna kafin ki ci gaba. Yana raye, kuma shi ne.

Audugar da na goga miki a baki ranar 23 ga Oktoba, an yi gwajin ƙwayar halitta an kwatanta ta da ta wajensa. Sakamakon ya iso jiya: kashi casa'in da tara da ɗigo tara cikin ɗari, ɗanki ne. Na sa likitan ya karanta mini sau biyu.

Ga yadda aka yi. Littafin ya nuna wasu miji da mata sun karɓe shi riƙo a Fabrairun 1974, amma sunansu a rufe yake, ba ni da ikon buɗewa. Sai na je wata ƙungiya ta masu neman iyayensu na asali. Ashe shekara tara ke nan da ya bar sunansa a can, da hoton mayafin. Sunansa Lachezar. Bakanike ne na motocin bas a Ruse, yana da mata da 'ya'ya mata biyu. Wanda ya rene shi ya rasu, matar tana nan, shekarunta tamanin da ɗaya.

Mun haɗu ranar 12 ga wata a wani shagon shayi. Goshin Baba ne da shi sak. Na fara buɗe jakata, sai ya dafe ta.

Ya ce, "Ƙanwata, bar takardun tukuna. Yar da ni ta yi?"

Na ce, "A'a. Tana tsaye taku ashirin daga inda kake."

Na ba shi labarin kamar yadda kika rubuta, ban ƙara ba, ban rage ba. Sannan ya ce, "Tsaya. Aski tsohon ya tsaya yi?"

Na ce haka ne.

Ya yi dariya har ya kifa kai a tebur, da ya ɗago idonsa jawur. Ya ce, "Tun ina shekara goma sha shida nake jin haushin wata mata da ban sani ba, ashe gemu ya kamata in tsana." Da muka tashi ya ce, "Ki gaya mata maganin ya ci. Ko mura ba ta cika kama ni ba."

Na tambayi lauya, ba tare da ambaton suna ba. Ya ce lokacin tuhuma ya wuce tuntuni, ba mai taɓa ki. Fayil ɗin zai zauna yadda yake sai in ke kika so a gyara.

Yana so ya zo ranar Asabar, 10 ga Disamba, a jirgin ƙasa na safe. Na ce sai na tambaye ki.

'Yarki,
Nevena

*

Orlitsa, 2 ga Disamba

Nevena,

Na gaishe ki, Allah ya yi miki albarka. Na yarda ya zo, da yaran. Ki ce masa ba sai ya kira ni Mama ba, yana da wadda ta wanke masa ɗuwawu. Ki kuma tambaye shi ko yana cin barkono, ban san abin da yake ci ba.

Fayil ɗin ki gyara shi, ki rubuta gaskiya.

Jiya na je coci. Kin san kyandir na masu rai a sama ake kafa shi, na matattu a ƙasa cikin yashi. Shekara arba'in da uku ina sayen ɗaya, in tsaya a tsakani, in dawo da shi gida a aljihu. Jiya na kafa a sama. Limamin ya tambaye ni na wane ne, na ce na Lachezar.

Sai kun zo.

Goggonki