Jitar Yaya Sani a Kwamfuta

Daren Talata, Batsari

Kiɗan jitar da Yaya Sani ya ɗauka kafin rasuwarsa yana kwamfutata, amma amfilifayarsa, na'urar da ke ƙara wa jitar sauti, ta ƙone tuni. Manhajar da nake aiki da ita tana kwaikwayon amfilifaya, har da makirufo da nake matsarwa a allo. Na sa shi tsakiyar lasifika, sautin ya yi tsini. Na kai shi gefe, ya dushe. Makirufo uku na canza, ina neman sautin Yaya Sani.

Da la'asar Inna ta zo daga Safana, na kunna mata. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Ya yi daɗi, Auwalu. Wa ke kiɗan?"

Na kasa ce mata ɗanta ne. Na ce wani abokina ne.