Ɗakin Baba Mai Ƙararrawa

Zuwa ga Yayana abin ƙauna,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya aiki, yaya matarmu da yara? Ina fata ƙafar nan ta daina damunka. Mu nan lafiya lau, Mama ma jiki da sauƙi.

Ka tambayi labarin gyaran coci. Gara ta gama da katakon rufi. Ranar Lahadin da aka yi ruwa, da bokiti uku a gabansu mawaƙa suka yi waƙa. Dattawa suka ce tunda ni ce sakatariyar kwamiti, ni zan bi takardar izini a ofishin tsara gari. Yaya, sau bakwai na hau benen nan. Yau a ce zanenmu ba hatimin injiniya, gobe a ce mai sa hannu ya tafi taro.

Jiya dai aka buɗe fayil ɗinmu. Jami'ar ta ɗora biro a kan ɗakin bakin ƙofa, na Baba mai ƙararrawa, ta ce ya matse titi, kuma babu shi a tsohon zane, sai an rushe shi za a ba mu izini. Na gaji, ban ko yi tambaya ba na sa hannu. Kwamiti ya ce ni zan faɗa masa, tunda a kafaɗarsa na girma. Shekararsa talatin da huɗu a ɗakin nan. Ranar Lahadi zan same shi, ka sa ni a addu'a.

Ka gai da kowa da kowa.
Taka,
Auta

Yayana,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ka yi haƙuri da shirun da na yi. Kunya ce ta hana ni rubutu.

Ban faɗa wa Baba ba. Lahadi uku ina shiga ɗakinsa bayan sujada, ina fitowa da maganar a bakina. Ta farko ya yi ta tambayar ƙafarka. Ta biyu ya nuna mini sabuwar igiyar da ya tufka wa ƙararrawa, wai don ranar buɗe coci. Ta uku Fasto ya tare ni ya tambaya, na ce masa na faɗa. Ƙarya na yi wa Fasto, Yaya, a ƙofar coci.

Ranar Talata da safe ma'aikatan ofishin suka zo duba fili, ina wurin aiki. Matar Fasto ce ta ba ni labari. Baba yana zaune a benci yana gyaran takalminsa suka shafa wa bangon ɗakinsa jan fenti, alamar rushewa. Ya yi musu dariya, ya ce sun yi ɓatan kai, su jira 'yarsa Auta ta zo, ita ke riƙe da takardu. Sai ɗayansu ya zaro takardar ya karanta masa sunan wadda ta sa hannu. Baba ya ce a sake karantawa. Aka sake.

Kafin la'asar babbar 'yarsa ta cikinsa ta zo da mota ta kwashe shi. Ya share ɗakin tas, ya bar makulli a hannun matar Fasto. Mama ta daina yi mini magana sai gaisuwa.

Ƙanwarka,
Auta

Yayana na kaina,

Ina gaishe ka, ina gai da matarmu da yara. Na ga wasiƙarka, kuma duk faɗan da ka yi mini na karɓa.

Izini ya fito, an fara cire kwano. Da injiniya ya zo aunawa ya ga tarkacen ɗakin, sai ya tambayi dalilin rushe shi. Ya ce da na nemi a rubuta shi a matsayin ɗakin maigadi, aka ja bangon gaba ciki kaɗan, da ya wuce. Takardar shafi ɗaya ce, a teburin jami'ar nan take. 

Ranar Asabar na je gidan 'yar Baba. Baba ya rame. Da ya gan ni ya miƙe tsaye, ya ba ni kujerarsa, yana ce mini “ranki ya daɗe”. Na durƙusa ina kuka, na faɗa masa komai, har da maganar injiniya. Ya ce ya yafe, ɗaki ai ƙasa ce. Ya yi mini bayanin inda ake ɗiga wa ƙararrawa mai, don in gaya wa wanda aka ba aikin. Na ce za mu gina masa wani ɗakin a baya, ya ce in bar wahalar da kaina. Ya raka ni har ƙofa kamar baƙuwa, ya ce, “A gai da mutanen cocinku.”

Yaya, in ka samu hutu ka zo mu koma tare. Ni kaɗai ba zan iya sake shiga gidan nan ba.

Ubangiji ya kiyaye ku.
Ƙanwarka mai kewarka,
Auta