Ba Zan Canza Ƙarshen Labarin Ba

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya sassauta maka ciwon bayan nan da kake ɓoye mana, ya sa albarka a neman da ya kai ka nesa. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta fara fitowa tana yi wa 'yan haya faɗa a kan igiyar shanya, ka san kuwa in ta fara faɗa to ta warke. Auta ya ci jarrabawa, yanzu da ƙyar kansa ke shiga ƙofar ɗaki.

Inna ta ce kun yi waya, ka ce a ja mini kunne in je in ba da haƙuri. Na san tsoro ne ya sa ka faɗi haka, shi ya sa na ga gara ka ji zancen daga bakina, don rabinsa ne ya iso maka.

Ka san aikina a ɗakin magani na asibitin gwamnati. Taga ce 'yar ƙarama, ni a ciki, layi a waje, a bayana kuma kantoci wayam sai kwalayen banza da muke jerawa in manya za su zo zagaye. Kalmar da na fi faɗa a yini ita ce babu. Maganin da aka ce an sayo mana kuwa yana shagon tsallaken titi, ko tambarin asibiti ba su damu su goge ba. A bakin tagar nan labarin ya zo mini. Wani sarki ne a ƙasar aljanu ya sa matsafa suka kama masa gajimare, suka ɗure ruwan sama a manyan tuluna a ƙarƙashin fada, ya rataya makullin a wuyansa. Fadawa na sayar da ruwan cokali-cokali, duk wanda ya ce yana jin ƙishi a gaban jama'a sai harshensa ya koma itace. Shi kuwa sarki ya yi ta sha har ya kumbura, ƙafafunsa suka kasa ɗaukarsa, sai dai ƙarti su ɗauke shi a kan gado. Wata ƙawata da ke aiki a ƙaramin gidan rediyo ta ce in zo in riƙa karantawa duk mako. Ban kama sunan kowa ba, Yaya. Har tsuntsu mai magana akwai a ciki.

Ana saura kashi na ƙarshe sai ga Kawu a motar ofishinsu na gwamnati. Ya zauna a bakin kujera, ko ruwan da na kawo bai taɓa ba. Ya ce manya na sauraro, kuma ba hanawa za su yi ba, ƙarshen kawai suke so a gyara. Wai sarki ya farka ya gano fadawa ne suka yi ta rufe shi, ya hukunta su, jama'a su yi ta guɗa. In na yi haka za a buga mini littafin, a ɗauke ni daga taga a ba ni ofis mai sanyi. Na ce masa tun kashi na farko makullin yana wuyan sarki, ko yaran unguwa sun san haka, ta yaya zan ce bai san da tulunan ba? Ya ce da aikinsa nake wasa. Wallahi ya ba ni tausayi, don shi ma maganin hawan jininsa a tsallaken titi yake saya. Inna da ke ɗaki ta ɗaga labule ta tambaye shi ko maigidan nasu a gado ake ɗaukarsa. Ya ce a'a. Ta ce to me ya yi musu zafi da tatsuniyar yarinya? Sai ya tashi ya tafi.

Na karanta ƙarshen da na rubuta. Ƙartin na kaiwa tsakiyar kasuwa da gadon sarki sai na ga jar fitilar ɗakin watsa shirin ta mutu, manaja ya saka kiɗa. Washegari na tarar da takardar dakatarwa a wurin aiki, ƙawata kuma aka cire ta daga shirin. An kira ni wani ofis, aka bar ni a benci tun safe har la'asar ana tambayata wane ne sarkin. Ba zan yi maka ƙarya ba, da na dawo na kulle ɗaki na yi kuka, na ƙawata ya fi ci mini rai.

Sai mutane suka fara sallama a ƙofar gida. Direban motar haya, mai gyaran taya, da wata mata da na taɓa cewa babu ranar da ɗanta ke numfashi da ƙyar. Duk tambayarsu ɗaya, yaya aka ƙare? Na tsaya a bakin ƙofa na gaya musu. Ƙartin suka dubi juna, wanda harshen 'yarsa ya zama itace ya fara durƙusawa, sauran suka bi, suka ajiye gadon a ƙasa suka yi tafiyarsu. Sarki ya yi ta tsawa, ya kasa tashi. Ba wanda ya taɓa lafiyarsa. Wata tsohuwa ce ta zo ta zare makullin kamar mai cire wa yaro sarƙa. Matar nan ta ce in sake faɗa mata wurin durƙusawar, na sake. Yanzu a tasha ma ba da shi ake, kowa da nasa ƙarin. Mai gyaran taya ya rantse kuraye ne suka cinye sarkin, na bar shi da abinsa.

Saboda haka, Yaya, ba zan ba da haƙuri ba. Ban ɗauki maganin kowa ba. Ina jin tsoro, in mota ta tsaya a ƙofar gida sai na leƙa na ga ko su waye, amma na gaji da faɗin babu ina murmushi. Na ji kana shirin aiko mini da kuɗin jirgi, ka bar abinka ka biya wa yara makaranta. In dai kana son taimakona, ka aiko da makirufo mai kyau wanda ake haɗawa da waya, Auta ya ce ya iya sauran. Na fara sabon labari, kuma wannan karon ba wanda ke riƙe da maɓallin kashewa sai ni.

Ka gaishe mini da Anti, ka ce na gode da turaren. Ka shafa mini kan 'Yar Baba da Sarkin Ɓarna, ka gaida maƙwabcinka mai wanki da ke kula da su. Inna na sa maka albarka, ta ce ka daina ɗaga mata hankali ta waya. Kawu ma ka kira shi, kada ka yi masa faɗa.

Wassalam,
ƙanwarka mai taurin kai.