Masu Fenti Sun Shiga Ɗakin Ƙasa

Litinin, 6 ga Oktoba

Likita ta sauko ɗakin ƙasa da takarda a hannu, ko gaisuwa ba ta amsa da kyau ba. Kwamitin da ke rabon kuɗin bincike zai zo ranar ashirin da biyu. Wai ƙasar da ke ba mu tallafi ta canza gwamnati, sababbin sun ce ba ruwansu da ƙwaƙwalwar tsofaffin wasu. Saura ɗan abin da ke gida, shi ma sashe huɗu ke ja a kansa.

Sharaɗin kwamitin: duk kwalbar da ba a haɗa ta da fayil ɗin mai ita ba, shara ce. Shara kuwa a asibitin nan tanderu take zuwa.

Ɗari da arba'in da uku ne. Kowace da yankin ƙwaƙwalwar mutum cikin ruwan magani, duk waɗanda ciwon mantuwa ya ci. Ina tsaye kusa da marigayi Farfesa lokacin da yake roƙon iyalansu. Alkawari biyu ya yi wa kowa: za a nemi magani da abin, in an gama a mayar musu su binne. Ba a yi maganar wuta ba.

Likita ta ce, "Baba, don Allah mu zauna ka faɗi mai kowace kwalba in rubuta." Na ce sai na duba. Shekara huɗu ke nan ina dubawa.

Laraba, 8 ga Oktoba

Rubutu, rubutu. Ai takarda ce ta fara cin amanarsu. Shekarar da bututun ruwa ya fashe a rufi, kwana uku yana zuba ba wanda ya leƙo, duk lambobin da ke manne suka jiƙe suka zube ƙasa. Farfesa ya riga ya rasu. Ni kaɗai na kwashe ruwan, ban gusar da ko kwalba ɗaya daga inda take ba. Tun daga nan kowace safiya nake bin su da gaisuwa daga bakin ƙofa: Direba, Alƙali, Hedimasta, 'yan'uwan nan biyu da ba sa ga maciji da juna suna raye, har ƙarshen kanta ta shida. Ƙafata ta san wurin kowa.

Ban yi makaranta ba. Ɗan rubutun nan ma Farfesa ne ya koya mini a bayan ambulan. Amma masu digiri in suna son wani, ni suke saukowa su tambaya.

Gaskiyar da ba na faɗa: na wuce ritaya da shekara tara. Don wannan suke riƙe da ni. Ranar da aka gama rubutawa, ranar za a ce Baba an gode.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Likita ta ja ni sama ta sa ni leƙa madubin likita. Ɗigo-ɗigo kamar tsatsa a jikin kwano. Wai shi ne dattin da ke taruwa a kan mutum, kuma yanzu ana iya ganin alamarsa a jini tun kafin ya fara manta sunan 'ya'yansa. Jinin mutanena na nan a firiza da lambobinsa tun zamanin Farfesa. In ta gwada jinin kowa da ƙwaƙwalwarsa, za a san ko gwajin yana aiki a kan irinmu, ba a kan mutanen wata ƙasa kawai ba.

Na ce to in an gane da wuri sai me? Ta ce sai a fara yaƙi da wuri.

Daraktan asibiti kuma na'urar ɗaukar hoton cikin jiki yake so a sayo. Likita ta ce don ita ana iya gayyato minista ya yanka ƙyalle, kwalba kuwa wa zai ɗauki hoto da ita. Jiya ma wani ɗan majalisa ya ce a rediyo tsufa ba ciwo ba ne. Allah ya kai shi.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Gwiwa ta kumbura. Tsohuwata, uwargida, ta ɓoye takalmina, ta ce gobe ba inda zan je, "matan naka na kwalba su kwana biyu ba su gan ka ba, ba za su yi yaji ba." Rabona da fashin Asabar na manta.

Litinin, 13 ga Oktoba

Innalillahi.

Tun daga matakala na ji warin fenti.

Darakta ya sa a yi wa ɗakin kwalliya saboda baƙi. Ranar Asabar suka shigo da mabuɗin ofis. Sun fitar da kwalabe duka zuwa baranda, sun shafe bango fari tas, sun mayar. Don su burge, sai suka jera su bisa tsawo: manya a ƙasa, ƙanana a sama. Kamar shagon turare.

Na tsaya a ƙofa na buɗe baki zan ce Direba ina kwana. Ba Direba ba ne a wurin.

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Wandona duk fenti.

Talata, 14 ga Oktoba

Na hau ofishinsa ban jira sakatare ba. Na ce ranka ya daɗe, ka san abin da ka yi? Ya ce, "Baba, fenti na yi. Da ka bari an rubuta tun shekara huɗu, ko rawa aka yi da kwalaben ba abin da zai ɓace."

Na fito. Gaskiya ya faɗa, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Likita ba ta ce ai na gaya maka ba. Da ta faɗa da na ji sauƙi. Kujera kawai ta sauko da ita, da kwalin fayil, ta ce, "Baba, ba wuri kaɗai ka sani ba. Shekara nawa kana goge su?"

Alhamis, 16 ga Oktoba

Ashe hannu ma yana da nasa sanin. Murfin Direba ya lotsa tun ranar da ya suɓuce mini. Kwalbar Alƙali kore-kore ce, shekarar da farare suka ƙare muka ari na ɗakin magani. Hedimasta da kakin kyandir na toshe shi. Ina faɗa, ita tana zaro fayil tana duba ko gefen hagu Farfesa ya yanka ko dama. In ya dace ta manna lamba, ta rufe da roba, ta shigar a kwamfuta.

Sittin da ɗaya yau. Duk wanda ta rubuta sai in ji kamar an zare mini haƙori.

Asabar, 18 ga Oktoba

Ɗari da ashirin. Idona na ruwa saboda maganin.

'Yar Mai Ɗinki ta zo. Duk shekara irin wannan wata takan zo ta tambaya ko an gama da uwarta. Yarinya ce sa'ad da aka sa hannu, yanzu da furfura. Ta ce, "Baba, tana nan lafiya?" Na ce tana nan. Ban bari ta sauko ba, na ce warin fenti.

Tana nan ɗin. Ban yi ƙarya ba.

Litinin, 20 ga Oktoba

Saura bakwai, kuma nan na tsaya cik. Duk na shekara ɗaya ne, shekarar da tallafi ya wadata aka sayo komai sabo: kwalba iri ɗaya, murfi iri ɗaya, yanka iri ɗaya. Da talauci ne da na gane su. Mai Ɗinki na cikinsu.

Na juya su, na ɗaga su a fitila, na rufe ido na shafa. Shiru.

Darakta ya sauko da kansa, karo na farko da na gan shi a ɗakin nan, hankici a hanci. Ya ce, "Kwalba bakwai, fayil bakwai. Ɗora kowace a kan ɗaya, magana ta ƙare. Wa zai musa maka? Su?" Ya nuna kanta da haɓa.

Na dubi Likita. Ƙasa take kallo.

Bayan ya fita ta ce in an haɗa ba daidai ba, binciken zai faɗi ƙarya, kuma a kan masu rai ƙaryar za ta sauka. Sannan ta ce amma in kwamiti ya ga giɓi, shugaban sashen zuciya, da shi ma ke neman kuɗin, zai ce duka ɗari da arba'in da ukun tatsuniyar wani tsoho ce. Abu biyun duk ta faɗa, ba ta zaɓar mini ba.

Talata, 21 ga Oktoba

Na tarar an manna wa bakwai ɗin lambobi. Ba rubutun Likita ba ne.

A gida ban ci abinci ba. Tsohuwata ta ce, "Malam, in ka yi shiru ba su shiga wuta, in ka yi magana kai ba ka shiga ta lahira. Ni dai kai na aura." Ta ɗauke kwanon.

In na yi shiru, wata rana zan miƙa wa 'yar Mai Ɗinki uban wani ta binne tana kuka.

Laraba, 22 ga Oktoba

Su biyar suka zo. Huɗu sun tsaya a ƙofa suna yaba farin bango. Ta biyar, wata gajeruwa mai tabarau a wuya, ita ta shigo har ciki. Ta riƙa nuna kwalba tana tambayata, ina faɗa, tana duba fayil. Goma sha biyu ban kuskure ba. Darakta sai murmushi, har da "kun ga dattijon namu."

Ta tsaya gaban bakwai ɗin. Wataƙila don tawadar ta fi sabo. Ta ce, "Baba, wannan fa?"

Na ji Darakta ya karanta lambar da ƙarfi don ya taimaka mini.

Na ce ranki ya daɗe, ban sani ba. Ita da shidan nan, ban sani ba. Lambar jiya aka manna.

Ban taɓa faɗin kalmar nan a ɗakin nan ba. Shugaban sashen zuciya ya yi tari. Gajeruwar ta daɗe tana rubutu, sannan ta tambaye ni sauran fa. Na ce sauran in na yi kuskure a ƙone ni tare da su. Ba wanda ya yi dariya.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Wasiƙa. Kwantiragina ya ƙare ƙarshen wata. An gode da doguwar hidima.

Talata, 28 ga Oktoba

Sakamako ya fito. Na'urar hoto ta samu kaso mafi tsoka, za a yanka ƙyalle. Likita an ba ta shekara ɗaya kacal, a kan ɗari da talatin da shida. Ta ce gajeruwar ce ta tsaya kai da fata, wai tunda tsohon ya iya cewa bai sani ba, ta yarda da inda ya ce ya sani.

Bakwai ɗin an cire su daga bincike. Tanderu ranar Juma'a, sai dai in iyalansu duka sun sa hannu sun karɓa tare.

Laraba, 29 ga Oktoba

Gida bakwai, da gwiwar nan. Likita ta tuƙa, ni na shiga. A kowane gida na faɗi yadda aka yi, har da shekara huɗun da na yi ina taurin kai. Wani ya zage ni, ya sa hannu. Wata ta ce ba ta ma san an ajiye komai na kakanta ba.

'Yar Mai Ɗinki na bari ƙarshe don tsoro. Ta saurara har na gama. Ta ce, "Ranar Asabar da na zo, ka sani?" Na ce na sani. Kunya ta kama ni kamar yaro. Sannan ta ce a binne su tare, uwarta dama ba ta iya zama ita kaɗai, ko ɗinki take sai ta tara mutane. Ba ta raka ni ƙofa ba.

Juma'a, 31 ga Oktoba

An binne su da safe, rami ɗaya. Ba su ga wuta ba.

Na mayar da mabuɗi. Likita ta ce in riƙa zuwa Litinin-Litinin ina ba ta labarin kowa tana ɗauka a waya, wai abin da fayil bai rubuta ba. Na ce sai na duba. Zan je, don kada ta rubuta shirme.

Akwai abin da ban faɗa wa kwamiti ba, ban faɗa wa tsohuwata ba. Biyu daga cikin bakwai ɗin, ba laifin masu fenti ba ne. Ya kai shekara in na iso wurinsu sunan ya ƙi zuwa, sai in ce sannunku, in wuce da sauri.

Da zan fito na tambaye ta gwajin jinin nan, ko allurar tana da zafi. Don sani kawai. Ta ɗago ta dube ni, ba ta tambayi dalili ba. Ta ce Litinin in zo da wuri, kafin mutane su taru.

Zan sa riga mai faɗin hannu.