Godiya da Hannun Hagu

Zuwa ga Tahani, sanyin idona, iskar tekun da ke shigo mana ta taga bayan la'asar, inuwata a ranar Jidda mai ƙona tafin ƙafa, amaryata abar alfaharina!

Ki yi haƙuri da wannan karkataccen rubutu, kin san da hagu nake yin sa. Tun da kika fita raba katunan godiyar bikinmu, gidan nan namu na unguwar Safa ya yi mini faɗi. Na zauna ina tuna mutanen da muka gode wa, sai na ga mun tsallake wadda ta fi kowa cancanta. Wa zai gode miki in ban yi ba?

Wata biyu ya rage a ɗaura mana aure lokacin da ƙarfe ya danne mini hannun dama a sito, can tashar jiragen ruwa. Daga gadon asibiti na aika miki cewa ki nemi mai hannu biyu, na yafe. Sai ga ki da yayanki Bilal, idanunki jawur, kika ce da Hausarki mai ɗanɗanon Larabci halas, magana ta ƙare, ranar auren ba za ta gusa ba. Wayyo, zumar zuciyata! Wace bishiya ce ake sare wa reshe tsuntsuwa ta ƙi tashi daga kanta?

Shekaranjiya kuma kika baza katuna a tabarma. Ke kika rubuta na Larabci, ni ina faɗa miki na Hausa. Da aka zo sa hannu na noƙe, don ina jin nauyin gode wa manya da hagu. Ba ki yi gardama ba, alƙalami kawai kika sa a yatsuna, kika turo mini katin Baba Mahmudu, dattijon da ya ɗauke ni a kafaɗarsa ranar da abin ya faru. Uku na ɓata, ba ki yi dariya ba, ba ki kuma karɓa kin yi mini ba. Kafin mu kai kan na gwaggonki Fatsuma, wadda ta taso tun daga Sudan da turaren wutarta, sunana ya fara karantuwa. Na juya baya ne don kada ki ga hawayena.

Yanzu ga abin da bakina ya kasa faɗa. Mako uku ke nan ina ce miki na tafi asibiti motsa hannu, alhali bakin teku nake zuwa in zauna, don na fid da rai da shi. Na yi miki ƙarya, ya farin watana, kuma kunyarta ta fi ciwon zafi. Ki yafe mini! Ranar Lahadi zan koma wurin likita. Ki raka ni, ki zauna inda zan riƙa ganin fuskarki, ko da zan yi ihu kamar yaro.

Hannun ya warke ko kada ya warke, ke zan riƙe, yau da gobe, har ranar da za a sa ni a ƙasa.

Naki ke kaɗai, mai godiya har abada,
Zaharaddeen