Zanen Sani a gonar Baba

Galma, daren Asabar, tsakiyar damana

Yau an yi gayya a gonar Baba. Sani, abokin karatuna na lissafi a jami'a, ya taso tun daga garinsu Urno ya kama muna noma. Da ma bai zo ba.

Da muka zauna shan hura, na nuna mai amsar aikin da mushe, wato malaminmu, ya ba mu na hutun bakansi a kan wani jerin fonksiyon na lissafi, ina ta taƙama. Ya duba kaɗan ya ce, "Habu, wa ya ba ka izinin shigar da limit cikin antegiral? Ina fonksiyon da ta danne su duka daga sama?" Na ce ai a kowane ɗigo jerin na komawa sifiri. Sai ya ɗauki kara ya zana a ƙasa: ginshiƙi yana ƙara tsawo yana ƙara sirancewa, a kowane ɗigo ya koma sifiri, amma girman filinsa ɗaya ne har abada. Nan take hujjata ta rushe.

Baba bai fahimci komi ba, amma ya ga fuskata. Ya dafa kafaɗar Sani ya ce, "Allah shi yi ma albarka, ka riƙa jan ɗan'uwanka." Wai shi zai riƙa jana! Ni fa na koya mai epsilon, tushen wannan lissafin, a shekarar farko.

Da mutane suka watse, na koma na murje zanen da ƙafa. Yanzu ko na rufe ido ginshiƙin na nan tsaye, kuma wallahi daidai yake.